Kurciya a Gindin Ruwa

"Ko da maza sun ƙare a duniya, gidan nan ba zai sake ba su 'ya ba."

Abin da Baffa ya ce ke nan ranar da maganata da Dogo ta isa kunnensa. A tsaye ya faɗa a tsakar gidanmu, ya ƙi ko kallon kujerar da Umma ta jawo masa. Shi ne ƙanen mahaifinmu, kuma tun da Abba ya rasu, abin da ya yanke shi ake yi.

Na bari ya kai aya, sannan na ce, "Baffa, laifin me Dogo ya yi?"

"Laifinsa jininsa. Ke ba ki ga yadda wansa ya mayar da yayarki ba?"

Na gani mana. Wan Dogo shi ne tsohon mijin Yaya. Ya sake ta, ya riƙe 'yarsu Kurciya tun tana 'yar shekara huɗu, ya hana a kawo ta ko gaisuwa. Shekara ta biyu ke nan Yaya ba ta sa ta a ido ba. Tun daga nan ta shige ɗaki da kekenta tana ɗinka wa makarantu yunifom. Wuni take ɗinka rigunan 'ya'yan wasu, ta goge, ta ninke, ba ta ce da kowa uffan.

Baffa kuwa har ya samo mini wani, ɗan abokinsa, manaja a wani kamfanin siminti. Manaja ba mugu ba ne. Matsalarsa ɗaya, in ya zo zance shi yake tambaya, shi yake ba kansa amsa.

Ni Dogo nake so, mai haɗa wa mutane wutar sola, wanda nake tsokana da cewa asara ya yi da ya sayi tsani. Kuma ban yi niyyar zama a ɗaki ina kuka ba. Aikina auna idon mutane ne a shagon tabarau, wuni nake kallon manya da yara ido cikin ido, don haka zare ido bai cika firgita ni ba.

Abu ɗaya na lura da shi. Kowa da sunan Yaya yake hana ni, amma ba wanda ya taɓa tambayar ta. Ni ma na kasa a gida, da na buɗe baki sai ta taka keke.

Shi ya sa na shirya mana tafiya.

"Tafiya ina?" in ji Umma.

"Wani tsohon gari a bakin kogi. Kwana ɗaya kawai, Umma. Kusa da shi akwai magangarar ruwa, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Likita ma ya ce ki riƙa motsa gwiwar nan."

"Da kuɗin wa, Auta? Ko gado kika ci ban sani ba?"

"Motar haya za mu hau, ɗaki ɗaya za mu kama mu uku, abinci kuma daga gida. Ai ba a biyan kuɗin kallon kogi."

Yaya ta ce ita tana da aiki. Ban yi musu ba, na tsuguna na cire bel ɗin kekenta na jefa a jakata.

"Sai mun dawo," na ce.

Dogo kuwa ta waya na ja masa kunne. "Kada ka kuskura ka biyo mu. Wannan tsakanina da Yaya ne."

Ya ce, "Na ji, ranki ya daɗe."

*

Da rana tsaka muka sauka. Masaukin wani tsohon gidan 'yan kasuwa ne mai katako a bene, ɗakin da gado biyu da katifa ɗaya a ƙasa. Fankar tana juyawa tana ƙara kamar mai neman taimako. Amma da na buɗe taga, ga kogi nan shimfiɗe, ya cika ido.

Umma ta tsaya a tagar ta daɗe. "To, ba laifi," ta ce. A bakin Umma wannan babban yabo ne.

Da la'asar muka zaga garin. Lunguna ne matsattsu shimfiɗe da duwatsu, ƙofofin gidaje na katako masu zane, duk sun yi baƙi don tsufa. A bakin ruwa akwai dogayen ɗakunan ajiya da aka daina amfani da su tun da jiragen kaya suka daina zuwa, har yanzu ga zobban ƙarfen da ake ɗaure jiragen. Wani tsoho mai gadin wurin ya bi mu yana ba mu tarihin da ba mu tambaya ba, Umma tana gyara masa wanda ba ta sani ba.

Mun zauna a matakalar da ke gangarawa cikin ruwa muna shan shayi daga filas, sai ga kwale-kwale ya tsallako da 'yan makaranta. Suka diddiro suna dariya, suka wuce ta gabanmu.

Yaya ta bi ƙaramar cikinsu da kallo har ta sha kwana.

"Wanda ya ɗinka rigar nan bai san aikinsa ba," ta ce. "Dubi kafaɗar."

Ta juya ta kalli kogi. Na ga idon. Amma ba ranar yi mata tambayar ba ce.

*

Da safe muna ninke kaya mai masauki ya ƙwanƙwasa, wai muna da baƙo. Na leƙa ta taga. Wata baƙar mota ce ta toshe lungun baki ɗaya, mai kura yana bayanta yana masifa. Manaja na tsaye a gefe cikin fararen kaya da takalmi mai sheƙi.

Na sauka.

"Kin yi mamaki ko? Na san za ki yi," ya ce. "Baffa ne ya gaya mini. A nan kuka kwana? Haba, ba girmanku ba ne. Na kama muku ɗaki a babban otel, sai ku ƙara kwana. Kin amince ko? Na san za ki amince."

"Ina kwana, Manaja."

"Au, lafiya lau."

"Mun gode, amma mun yi barci mai daɗi, kuma yau za mu koma. Tafiyar nan ni na shirya wa mahaifiyata da yayata daidai ƙarfina. Ka bar ni na ƙarasa abina."

Kafin ya ba kansa amsa, sai muryar Umma daga bene.

"Motar tana da sanyi?"

"Sosai ma, Umma!"

"To otel dai a'a. Amma gwiwata ba ta yi wa kowa alkawarin sake hawa motar haya ba. Ka kai mu wajen ruwan."

Haka muka shiga. Yaya ta matso kunnena ta ce, "An sayar da ke a kan sanyin mota." Rabon da na ji ta yi tsokana har na manta.

Tun daga inda ake ajiye motoci muke jin rugugin ruwan. Hanyar ƙafa ce ta bi cikin itatuwa, ga laka, ga saiwoyi. Da muka kai wata rumfa mai benci Umma ta ce ita nan ta tsaya, daga nan ma tana hango farin ruwan. Manaja ya dubi lakar, ya dubi takalminsa, ya ce ai bai dace a bar Umma ita kaɗai ba.

Ni da Yaya muka ƙarasa.

Ruwan yana sulmiyowa daga can sama, ya daki wani baƙin dutse ya tarwatse, feshinsa yana sauka a fuska kamar yayyafi. Muka samu faffaɗan dutse a gefe muka zauna, muka cire takalma. A nan ko ihu ka yi, na kusa da kai ne kawai zai ji.

"Yaya, babu keke a nan," na ce.

"Na sani. Tun da kika cire bel ɗin na san abin da kike nufi."

"To ki gaya mini. Baffa ya ce saboda ke. Umma ta ce saboda ke. Ke me kika ce?"

"Ki auri Manaja ki huta, Auta."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

Ta tsoma ƙafa a ruwa.

"Dogo bai taɓa yi mini komai ba sai alheri," ta ce. "Ranar da aka sake ni shi ya ɗauko mini kekena a kansa, yana kuka kamar shi aka kora. Ba shi nake gudu ba."

"To wa?"

"Ke."

Na juyo na kalle ta. Hawaye ne ke bin fuskarta, ba feshin ruwa ba.

"In kika shiga gidan nan, kullum za ki gan ta. Ke za ki yi mata kitso. In ta faɗi, wajenki za ta rugo. Za ki dawo gida ki ce mini, Yaya, Kurciya ta yi tsawo, Kurciya ta iya karatu, ni kuma na yi murmushi na ce madalla. Ba zan iya ba, Auta. Kishin 'yata nake yi da ke tun ba a je ko'ina ba. Wace irin yaya ce ni?"

"Irin wadda aka ƙwace wa 'ya."

"Kuma idan ta manta da ni fa? Yanzu ina gaya wa kaina tana tuna ni. In kika shiga, za ki zo mini da gaskiya."

Na kama hannunta, duk ya yi kanta saboda almakashi.

"Ki saurare ni. Manaja ba zan aure shi ba, ko Baffa zai tsaya a tsakar gida har azahar. Dogo nake so, ban ɓoye ba, ba zan kuma ɓoye ba. Amma ba zan taka ki na wuce ba. In kin ce na jira, zan jira, ba da fushi ba. Abin da na ƙi shi ne a yi ta rantsuwa da sunanki kina ɗaki kina ɗinki."

"In na ce har abada fa?"

"Sai mu tsufa tare, ina auna miki tabarau kina zagina."

Ta yi dariya cikin kuka, ta kwantar da kai a kafaɗata. Muna haka na hango mutum yana saukowa ta ɗaya hanyar, wadda ta biyo bayan duwatsu. Ko a cikin dubu na san tsayin nan.

Raina ya ɓaci nan take. Na ce kada ya zo.

Sai da ya matso na ga ba shi kaɗai ba ne. Yana riƙe da hannun wata yarinya, tana tsallen duwatsu ɗaya bayan ɗaya.

Yaya ta ɗago. Na ji jikinta ya sandare.

Yarinyar tana sanye da wando, a samansa wata 'yar riga ruwan ɗorawa mai aljihu biyu, ta matse ta, ta ɗage mata har gwiwa. Na san rigar. A gabana Yaya ta ɗinka ta, doguwar riga ce a lokacin, har ƙasa.

Yaya ba ta ruga ba. Ta sauko daga kan dutsen a hankali, ƙafa ba takalmi, ta durƙusa a cikin laka. Yarinyar ta ɓuya a bayan ƙafar Dogo tana leƙowa da ido ɗaya.

"Je ki mana," Dogo ya ce a hankali. "Ba ke kika hana ni barci a mota da tambaya ba?"

Ta fito. Ta tako sau biyu ta tsaya. Haƙoranta na gaba biyu babu.

"Mami," ta ce, "rigar ta yi mini kaɗan."

Sautin da ya fita daga bakin Yaya ban taɓa jin irinsa ba. Ta buɗe hannu, yarinyar ta faɗa ciki, su biyun suka zube a lakar.

Na share fuskata, na kama hannun rigar Dogo na ja shi gefe.

"Me na ce maka?"

"Kin ce kada na biyo ku."

"Shi ne ka zo da cin hanci? Kana so ta ce ta yarda don ka kawo mata 'yarta? Wallahi in haka ne ka ba ni kunya."

Bai kau da ido ba. "Ko yau kika ce kin fasa, sai na kawo ta. Na daɗe ina neman hanya, Auta. Gidanku ba zan iya kai ta ba, Baffa ba zai bar ni na taka ƙofar ba. Da kika ce za ku fito, na ga ba ni da wata dama. Wana ya yi tafiya, ya bar ta wajen Hajiyarmu."

"Hajiya ta sani?"

"Ita ta yi mata kitson. Ta ce na dawo da ita kafin magariba, ta ce kuma ita ba ta ga komai ba."

Na dube shi da kyau, irin duban da nake yi wa mai cewa yana ganin layin ƙasa na allon gwajin ido alhali hadda ya yi. Bai ƙifta ba.

"Za mu yi maganar daga baya," na ce.

"Na sani. Na shirya."

Hayaniya ta sa muka waiwaya. Umma ce take gangarowa, ta manta da gwiwa, ta manta da sanda, tana kiran sunan Allah. Manaja na biye da ita, fararen kayansa sun yi dabbare-dabbare. Umma ta zube kusa da su ta haɗa 'ya da jika ta rungume.

Manaja ya tsaya yana kallon Dogo, tun daga ƙasa har sama, kuma saman da nisa.

"Wannan shi ne? Shi ne mana," ya ce. "Dama haɗuwa kuka shirya, aka mayar da ni direba? Baffa zai ji wannan."

"Zai ji, amma daga bakina," na ce. "Ban gayyace ka ba, shi ma ban gayyace shi ba. Ka yi mana kirki yau, na gode. Amma gara na gaya maka a nan da na bar ka kana ta ɓata takalmi. Ba zan aure ka ba, Manaja. Ba yau na yanke ba."

Ya buɗe baki. A karo na farko tun da na san shi, ya yi tambaya ya jira amsa.

"Ko da babu shi?"

"Ko da babu shi."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi Yaya da yarinyar ya daɗe, sannan ya ce da Umma yana mota in sun gama, zai sauke mu a tasha. Ya juya ya hau hanya.

Kurciya ta saki jiki kamar jiya aka rabu. Ta nuna wa Yaya gurbin haƙoranta, ta ce ɓera ne ya ɗauke, ta ce ta iya rubuta sunanta, ta ce an so a bayar da rigar ta ɓoye ta a ƙarƙashin katifa. Yaya kuwa sai taɓa ta take yi, kunne, yatsu, wuya, tana auna kafaɗarta da tafin hannu.

Muka buɗe kular abinci a kan dutsen. Umma ta yanka burodi ta miƙa wa Dogo da hannunta, ba ta dube shi ba.

"Karɓi. Tsayin nan ba da iska ake riƙe shi ba."

Bai kai loma ta biyu ba wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, fuskarsa ta sauya. Ya miƙe zai matsa gefe.

"Waye?" na ce.

"Wana ne. Ya dawo ke nan." Ya sake duban wayar. "Bai kamata ya dawo yau ba."

Wayar ta katse, ta sake ɗaukar ƙara. Kurciya ta daina tauna. Ta saki burodin ta ƙanƙame wuyan Yaya da hannu biyu.

"Mami, kar ki ce masa ina nan."

Umma ta soma salati. Dogo ya ce, "Ku bar ni da shi. Ni na ɗauko ta, ni zan amsa."

"A'a."

Yaya ce. Ta miƙe da yarinyar a kafaɗa, zaninta duk laka, idonta jawur, amma muryarta ba ta rawa. Rabon da na ga ta tsaya sosai haka tun kafin aurenta.

"Auta, in mun koma ki kai ni wajen Baffa. Ina da magana da shi a kanki da wannan dogon." Ta miƙa hannu. "Kai kuma ba ni wayar."

"Yaya, ransa a ɓace yake. Zai faɗi maganganu."

"Na san irin waɗanda yake faɗa. Shekara biyu ina jin su a kaina. Ba ni."

Dogo ya kalle ni. Na ce, "Ba ka ji ba ne?"

Ya sa mata a hannu. Ta danna, ta kara a kunne. Duk da rugugin ruwan muna jin ihun da ke fitowa daga ciki. Ta bar shi ya yi har numfashinsa ya ƙare.

"Ba ƙanenka ba ne," ta ce. "Uwarta ce. Tana hannuna, lafiyarta lau. Yanzu ka nemi wuri ka zauna, don yau ni zan yi magana."